Allon Bakin Hanya

Ni ne mai buga ƙarfe a firamaren Unguwar Gamji,
wani tsohon wilin mota rataye jikin darbejiya.
Shekara goma sha tara ina bugawa.
Ban iya boko ba, amma na iya ƙidaya.

Malamai tara ne a takarda.
Uku na sani.
Akwai wani Malam Shu'aibu mai karɓar albashi ƙarshen wata,
ban taɓa ganin ko sawun takalminsa ba.
An ce yana da shagon siminti a Haɗeja,
Allah ya ba da kasuwa.

Aji huɗu gare mu.
Na gabas, iskar bara waccan ta cire masa hula,
kwanon yana gidan Haladu, ya zama ƙyauren awaki.
Yara kan zauna bisa buhun taki,
in hadari ya haɗo, tun hantsi nake sallamarsu.

Da kaka masu fenti suka zo,
suka shafe bangon da ke kallon titi, shi kaɗai,
suka kafa allo mai ƙafar ƙarfe, kore da fari,
suka ɗau hoto, suka tafi,
ko ruwan randa ba su kurɓa ba.

Sai ga takarda daga Dutse:
cikin yara arba'in da ɗaya, huɗu suka haye.
An ja wa sunanmu jan layi.
Hedimasta Sabitu ya ninke ta, ya sa a aljihu,
ranar bai taɓa ɗanwaken Iya Tabawa ba.
Ba na ce waliyyi ba ne,
ranar kasuwar Kafin Hausa yakan sulale kafin tara.
Amma allin da ake rubutu da shi, daga kuɗin cefanensa yake fita.

Ran Talata jami'i ya iso,
farar mota, shadda na ƙamshi, fom mai layi-layi.
“Me ya hana yaranku iya karatu?”
Hedimasta ya gyara murya.
“A taƙaice, Malam, gurbin ƙarami ne.”
Gurbin bai ɗauki rufin ba,
bai ɗauki buhun taki ba,
balle Malam Shu'aibu da simintinsa.

Ya ce a kawo yaro guda ya gwada da kansa.
Aka nemi littafi,
gara ta riga mu karance su.
Sai ya nuna allon bakin hanya:
“Ke mai jan silifa, zo nan.”

Furera ce, 'yar mai faci.
Ta ɗora yatsa, tana bi harafi-harafi
kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa:
“An gya-ra a-zu-zu-wa shi-da.
An sa-mar da ku-je-ru ɗa-ri bi-yu.
An ha-ƙa ri-ji-yar bur-tsa-tse.”

Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.
Ta waiwaya ta dubi ginin, leɓenta na motsi,
ta dubi farar shadda:
“Yallaɓai, ina sauran biyun?”

Wata akuya ta yi atishawa a bayan ofis.
Jami'i ya mayar wa biro hularsa.
Direba ya riga ya tada mota.

Na ji a rediyo wai kowa zai ba da ba'asi.
Ashe ba'asi ruwa ne, gangare yake bi:
bayan sati uku aka cilla Hedimasta can bayan kogi,
inda sai da kwalekwale.
Ɗan kwangila na ji ya sauke farali.
Malam Shu'aibu ya ƙara shago.

Allon yana nan, fentin bai ko dusashe ba,
inuwarsa nake sha da rana.
Yara sun mai da shi littafin karatu,
tunda shi gara ba ta cin ƙarfe.

Yanzu in gari ya waye sau shida nake bugawa.
Huɗu don azuzuwan da ke tsaye,
biyu don na jikin allo,
ko yaransu za su ji, su fito.